Gidan Wasa na Kings a Brooklyn: Yadda Rangwamen Haraji Ya Shiga Cikin Aikin Farfaɗo da Shi

A ranar 3 ga watan Fabrairun 2015 mawaƙiya Diana Ross ta hau dandamalin gidan wasa na Kings da ke kan titin Flatbush a gundumar Brooklyn ta birnin New York, a gaban 'yan kallo kusan dubu uku. Kafin wannan dare ginin ya yi shekara 37 da 'yan watanni a kulle, ruwan sama yana zuba ta rufinsa, ɓarayi suna shiga suna ɓalle abin da ya ɓallu. Aikin gyaransa ya ci kimanin dala miliyan 95. Abin da ya sa labarin wannan gini ya cancanci a tsaya a kansa shi ne hanyar da aka bi aka haɗa waɗannan kuɗi, domin wani kaso nasu ya fito ne daga harajin da gwamnati ta yafe wa wasu kamfanoni, su kuwa suka zuba kuɗinsu a aikin.

An buɗe gidan a ranar 7 ga Satumban 1929 da sunan Loew's Kings, makonni kaɗan kafin kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi. Yana ɗaya daga cikin manyan gidajen sinima biyar da kamfanin Loew's ya gina a New York da kewayenta cikin 1929 da 1930, sauran kuwa suna Bronx da Queens da Manhattan da birnin Jersey. Kamfanin zane-zanen gini na Rapp and Rapp daga Chicago ne ya tsara shi, aka ƙawata cikinsa da salon fadar Versailles da babban gidan waƙa na Paris: ginshiƙan katako, duwatsun marmara, labule ja, rufi mai ruwan zinariya. Kujerunsa sun haura 3,600. Ma'aikacin masaƙa da matarsa suna iya sayen tikiti mai araha su yi awa uku a cikin wani wuri da ya yi kama da fadar sarki, kuma wannan shi ne abin da masu ginin suke sayarwa tare da fim ɗin kansa.

Daga baya zamani ya juya. Talabijin ta shiga gidaje, masu hali da yawa suka bar tsakiyar birni suka koma unguwannin bayan gari, harkar sinima ta koma ga ƙananan ɗakunan kallo da yawa a gini guda. Gida mai kujera dubu uku da allo ɗaya ya zama kaya mai nauyi, domin kuɗin ɗumama shi kaɗai a lokacin hunturu yana iya cinye cinikin mako. An rufe shi a 1977, a lokacin da birnin New York kansa yake fama da matsalar kuɗi mai tsanani, daga baya kuma ginin ya koma hannun gwamnatin birni saboda bashin harajin da ba a biya ba.

Shekarun da suka biyo baya an yi ta kawo shawarwari suna watsewa. A ƙarshen shekarun 1990 an yi maganar kamfanin sinima na ɗan wasan ƙwallon kwando Magic Johnson zai raba ginin ya zama ƙananan ɗakunan kallo, amma abin bai tabbata ba. Marty Markowitz, wanda ya shugabanci gundumar Brooklyn daga 2002 zuwa 2013, ya riƙe maganar gidan hannu bibbiyu har aka kai ga 2010, lokacin da gwamnatin Magajin Gari Michael Bloomberg ta sanar da zaɓen kamfanin ACE Theatrical Group na birnin Houston ya gyara gidan ya kuma tafiyar da shi. A lokacin an ƙiyasta aikin zai ci dala miliyan 70.

Dalilin da ya sa ɗan kasuwa ba zai ɗauki irin wannan aiki da kuɗinsa shi kaɗai ba a fili yake. Gidan wasa yana samun kuɗi ne daga tikiti da hayar zaure da cinikin abin sha da abin taɓawa, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin tikiti yana tafiya ga mawaƙi da mai shirya wasan. Abin da ya rage yana iya biyan ma'aikata da wuta da gyare-gyaren yau da kullum, amma ba zai iya biyan bashin banki na dala miliyan 95 ba. Idan an gama gyaran aka sa ginin a kasuwa, farashin da mai saye zai bayar bai kai abin da aka kashe ba. Wannan giɓi tsakanin kuɗin gyara da darajar gini a kasuwa shi ne tushen matsalar kusan kowane tsohon gidan wasa a Amurka, kuma shi ake nema a cike da kuɗin da ba a jiran a mayar da su.

Gwamnatin birni ta ɗauki fiye da rabin nauyin, kimanin dala miliyan 50 daga asusun ayyukanta. Sauran ya fito ne daga kamfanin ACE da wasu masu zuba jari, musamman sashen bankin Goldman Sachs mai zuba jari a unguwannin birane da kamfanin United Fund Advisors, kuma a nan ne rangwamen haraji iri biyu ya shigo.

Ya kamata a fahimci abin da ake nufi da wannan rangwame, domin ya bambanta da cire kuɗin da aka kashe daga riba kafin a lissafa haraji. Rangwamen da ake magana a kai ana cire shi ne kai tsaye daga harajin da ake bin kamfani: idan ana binsa dala miliyan 30 yana kuma riƙe da rangwamen miliyan 10, zai biya miliyan 20. Mai karatu a Najeriya zai tuna da tsarin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2019, wanda ya bai wa kamfanoni irin su Dangote damar gina hanyoyi a cire kuɗin daga harajinsu. Tunanin ɗaya ne, sai dai a Amurka kaso ne kawai na kuɗin aikin ake yafewa, kuma sharuɗɗan suna da tsauri.

Rangwame na farko shi ne na gyaran gine-ginen tarihi. Gwamnatin tarayyar Amurka ta fara ba da sassaucin haraji ga masu gyara tsofaffin gine-gine a 1976, dokar haraji ta 1986 kuma ta tsayar da shi a kan kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran da doka ta amince da su. Kafin a samu, dole ginin ya kasance cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa, ko yana cikin unguwar da aka yi wa rajistar tarihi yana kuma cikin abin da ya ba ta wannan daraja. Shi ya sa shigar da Kings cikin kundin a 2012 ya zama mataki na kuɗi kamar yadda yake mataki na girmamawa. Dole ne kuma ginin ya zama na neman kuɗi, gyaran ya zama babba har ya haura darajar ginin a littafin haraji, sannan aikin ya bi ƙa'idoji goma na ma'aikatar cikin gida kan yadda ake taɓa tsohon gini. Takardar neman izini kashi uku ce: ta farko tana tabbatar da darajar ginin, ta biyu tana bayyana abin da za a yi dalla-dalla, ta uku ana miƙa ta bayan an gama da hotunan abin da aka yi. Ofishin adana tarihi na jiha ne yake fara dubawa, hukumar tarayya mai kula da gandun daji da wuraren tarihi ta yanke hukunci, hukumar tara haraji ta IRS kuma ta kula da ɓangaren lissafi. Jihar New York tana da nata rangwamen na kashi 20 da ake ɗorawa a kan na tarayya, amma an yi masa iyaka a dala miliyan 5 ga kowane aiki.

A nan ne aka ci karo da babban cikas. Rangwamen haraji yana amfanar wanda ake bi haraji ne kawai, alhali masu tsofaffin gidajen wasa galibi gwamnatocin birane ne ko ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, waɗanda ba sa biyan harajin riba. Ba su rangwamen kamar bai wa makaho madubi ne. Dokar ma ta toshe hanyar wayo, domin tana rage ko hana rangwamen idan mafi yawan ginin yana hannun hukumar da ba ta biyan haraji ta wasu nau'o'in haya. Mafitar da aka bi a Kings ita ce birni ya riƙe mallakar ginin, ya ba da shi hayar shekara 55 ga wani kamfani da aka kafa musamman don aikin. Doka ta yarda ɗan haya ya nemi rangwamen idan sauran shekarun hayarsa sun haura lokacin da ake lissafa tsufan ginin kasuwanci, wato shekara 39, saboda haka doguwar haya irin wannan tana cika sharaɗin.

Ko kamfanin da yake tafiyar da gidan wasa ba ya samun ribar da za ta sa a bi shi harajin miliyoyi a shekara guda. Don haka ake gayyato babban banki ko kamfanin inshora ya shigo cikin kamfanin aikin a matsayin abokin tarayya, ya riƙe kusan dukan hannun jarin a takarda, ya zuba tsabar kuɗi tun ana cikin gini, shi kuma ya karɓi rangwamen idan an gama. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: idan kuɗin gyaran da doka ta amince da su sun kai dala miliyan 50, rangwamen tarayya zai zama miliyan 10. Banki ba zai biya miliyan 10 cif ba, domin yana neman riba kuma yana ɗaukar kasada, saboda haka abin da zai shiga aikin zai ɗan gaza haka, a kuma cire ladan lauyoyi da akantoci. Bayan haka dole bankin ya zauna shekara biyar, domin idan aka sayar da ginin ko aka ɓata gyaran a cikin wannan lokaci gwamnati za ta ƙwace wani kaso na rangwamen, kason yana raguwa da kashi ɗaya cikin biyar kowace shekara.

Lokacin da ake ƙulla yarjejeniyar Kings ya zo daidai da wata girgiza da ta kama wannan kasuwa baki ɗaya. A watan Agustan 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a shari'ar wani babban zauren taro da wasanni mai suna Boardwalk Hall a birnin Atlantic City na jihar New Jersey. Wata hukumar jihar ce ta gyara zauren, ta shigo da kamfanin Pitney Bowes don ya karɓi rangwamen, amma aka lulluɓe kamfanin da alkawura da lamuni ta yadda ba zai yi asara ba komai ya faru, kuma ba zai ci wata ribar kirki ba idan zauren ya bunƙasa. Kotun ta ce wannan ba tarayya ba ce, sayen rangwame ne, ta hana kamfanin abin da ya nema. Masu zuba jari da dama suka ja da baya suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa, har sai da hukumar IRS ta fitar da ƙa'idoji a ƙarshen Disamban 2013 waɗanda suka fayyace iyakar da ba za a ƙetare ba. Daga cikinsu akwai cewa mai zuba jari ya biya aƙalla kashi 20 na abin da ya yi alkawari kafin a fara amfani da ginin, kuma kada a lamunce masa cewa ba zai yi asara ba. A ganina hukuncin kotun daidai ne, duk da wahalar da ya jawo wa ayyukan da ke kan hanya, domin wanda zai ci gajiyar kuɗin jama'a ya kamata ya sa wuyansa a cikin igiyar tare da kowa.

Rangwame na biyu na unguwannin marasa ƙarfi ne, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a shekarar 2000 don jawo jari zuwa wuraren da talauci ya kai kashi 20 cikin 100 ko kuma kuɗin shigar iyalai bai wuce kashi 80 na matsakaicin yankin ba. Wani asusu a ma'aikatar kuɗi ne yake raba izinin ga wasu kamfanonin raya al'umma da aka tantance, su kuma su zaɓi ayyukan da za su tallafa. Mai zuba jari yana samun kashi 39 na jarinsa cikin shekara bakwai, kashi 5 a kowace daga shekaru uku na farko, kashi 6 a kowace daga huɗun da suka rage. Adadin yana da girma a ido, amma bayan an cire ragin da mai zuba jari yake nema da ladan masu shiga tsakani, abin da yake isa ga aikin yakan tsaya ne a kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka bi da su ta wannan hanya. Wannan rangwame bai damu da tsufan gini ba, abin da yake dubawa shi ne inda aikin yake da ayyukan yin da zai samar.

An fara aikin gyaran Kings a watan Janairun 2013, ƙarƙashin masu zanen gini na Martinez and Johnson, kamfanin EverGreene kuma ya ɗauki gyaran adon ciki. A ɓangaren zauren da ruwa ya fi ci, filastar ado ta jiƙe ta zube ƙasa ta zama gari. Masu aikin suka je ɓangaren da ya tsira, suka ɗauki zubin furanni da ganyaye da fuskokin da aka sassaƙa a 1929, suka zuba sababbi a cikin zubin, suka ɗaga su suka manna a gurbin waɗanda suka lalace. Fenti kuwa sai da aka kankare shi a hankali, shafi bayan shafi, aka duba ƙananan ɓarɓashi don a gano launin asali a ƙarƙashin ƙura da hayaƙin taba na shekaru, kafin a haɗa sabo a shafa. Darduma da yadin bango ma an sake saƙa su ne bisa samfurin guntayen da aka samu. Irin wannan aikin hannu yana da tsada da cin lokaci, kuma ɗan kwangilar da kuɗi suka matse shi nan zai fara yankewa. Sharaɗin rangwamen ne yake hana shi, domin idan hukuma ta duba hotunan ƙarshe ta ce an saɓa ƙa'ida, rangwamen duka ya tafi, bankin da ya zuba kuɗinsa kuma ba zai yi shiru ba. Wannan a wurina shi ne amfanin tsarin da ba a cika faɗa ba: yana sa mai kuɗi ya zama mai gadin ingancin gyara.

Akwai kuma inda rangwamen tarihi ba ya kaiwa. Doka ba ta lissafa kuɗin sayen gini, ko ƙarin sabon gini a jikin tsohon, ko wurin ajiye motoci, ko kayan da ake iya ɗagawa a fitar. Gidan sinima na 1929 an gina shi ne da ɗan siririn dandamali a bayan allo, alhali mawaƙan yau suna zuwa da manyan motoci cike da fitilu da lasifika da allunan hoto. Dole aka faɗaɗa bayan dandamalin Kings, aka ƙara wurin sauke kaya da ɗakunan shiri, ginin ya tashi daga kimanin ƙafa murabba'i 68,000 zuwa 93,000. An kuma gyara gangaren daɓen zauren don kowa ya hango dandamali, aka rage kujeru. Ma'ana, sashen da ya fi muhimmanci wajen sa gidan ya ciyar da kansa shi ne wanda rangwamen tarihi bai ɗauka ba, sai an nemo masa kuɗi daga wata kafa. Haɗa kafofi da yawa a aiki guda ya samo asali ne daga nan, kowace da abin da take yarda a kashe ta a kai, kowace da lauyoyinta.

Tambayar da ta dace a yi ita ce me jama'a suka samu, tun da kuɗin birni na jama'a ne, harajin da aka yafe ma na jama'a ne da bai shiga baitulmali ba. Abin da ake gani da ido shi ne ginin da ya kusa rushewa ya tsaya da ƙafarsa, mallakarsa tana hannun birni, ma'aikata suna samun abin yi, masu gidajen abinci da shaguna a titin Flatbush suna ganin baƙi a daren wasa. Amma mazauna unguwar da yawa 'yan asalin tsibiran Karebiyan ne masu ƙaramin ƙarfi, kuma ƙarancin ƙarfin nasu ne ya sa aikin ya cancanci rangwame na biyu. Idan tikitin babban mawaƙi ya fi ƙarfin aljihun maƙwabcin gidan, to an yi amfani da halin da yake ciki wajen samo kuɗi, shi kuwa ya tsaya a waje yana kallon fitilu. Dokar haraji tana auna filasta da fenti da tsawon haya sosai, ba ta auna wanda ya samu shiga. Wannan sai yarjejeniyar haya tsakanin birni da mai tafiyar da gidan ta ɗauke shi, ta hanyar ware ranaku ga makarantu da ƙungiyoyin unguwa da ɗaukar ma'aikata daga cikinta, kuma a nan ne ya kamata 'yan majalisar birni su fi sa ido a kowane aiki irin wannan.

Haka nan tsarin yana fifita manya. Ladan lauyoyi da akantoci da masu ƙiyasi ba ya raguwa sosai don aiki ƙarami ne, saboda haka gidan wasa mai kujera ɗari huɗu a ƙaramin gari, wanda gyaransa bai wuce dala miliyan uku ba, yana iya tarar da cewa wahalar ta fi abin da zai samu, bankunan ma ba sa ɗokin ƙananan yarjejeniyoyi. Kings ya samu shiga ne domin girmansa ya isa ya ɗauki wannan nauyi, kuma akwai gwamnatin birni mai kuɗi a bayansa da ta fara ajiye rabin abin da ake nema.

A 2015, shekarar da aka sake buɗe gidan, kamfanin Ambassador Theatre Group na Birtaniya ya sayi ACE, tafiyar da Kings ta koma hannunsa. A ƙarshen 2017 majalisar dokokin Amurka ta sauya dokar haraji, har wani daftarin farko ya nemi soke rangwamen tarihi gaba ɗaya. A ƙarshe an bar shi a kan kashi 20, amma aka ce a riƙa karɓarsa kashi-kashi cikin shekara biyar maimakon lokaci guda, aka kuma soke ƙaramin rangwamen kashi 10 da ake bai wa tsofaffin gine-ginen da ba sa cikin kundin tarihi. Kuɗin da za a jira shekara biyar ba su kai kuɗin hannu daraja ba, don haka masu zuba jari suka rage abin da suke biya a kan kowace dala ta rangwame. Gidan Loew's na birnin Jersey, ɗan'uwan Kings da aka buɗe a wata guda da shi a 1929, ya shiga nasa babban gyaran ne a ƙarƙashin wannan sabuwar doka, kuma jihar New Jersey ta amince masa da rangwamen tarihi na sama da dala miliyan 40 daga nata tsarin don a cike giɓin.